Peugeot 504 tana mutuwa in rana ta take: tiyon mai ne ko famfo?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a kan 504 ta mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Haɗin Kaduna ce, mai kafireta. Shekara shida tana ajiye a ƙarƙashin rumfa, sai bana na tashe ta. Da safe lafiya lau take tafiya. Amma in rana ta take, na yi kamar minti ashirin ina tuƙi, balle in na faɗa cunkoso, sai ta fara shaƙewa, in taka totur ta ƙi amsawa, daga nan ta mutu. In na ɗaga bonet na jira kwata ɗin awa, sai ta tashi kamar ba abin da ya faru. An canza fulogi, an canza kwayil, an wanke kafireta har sau biyu. Yaron da ya tashe ta ya ce bututun ƙarfen da ke kawo mai ya toshe, shi ya sa ya ja tiyon roba tun daga tanki har injin. Yanzu kuma ya ce a sa famfon lantarki. In sa ne?

Auwalu Rewaya: Wa'alaikumus salam. Sa kawai Alhaji, na sa wa mutane da yawa kuma sun huta. Da ka murɗa makulli mai ya iso, ba sai ka yi ta kiki batir ya ƙare ba.

Baba Ɗanladi: Allah Ya jiƙan mahaifinka. Auwalu ɗana, dakata tukuna, ba a kai ga famfo ba. Baban Khalifa, ka ce an ja roba daga tanki har gaba. Ta ina aka bi da ita? Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin motar yanzu ka gaya mana.

Baban Khalifa: Na leƙa Baba. Ta gefen salansa ta bi. A wuri biyu ma da waya aka ɗaure ta a jikin ƙarfen da ke riƙe salansar, tsakaninsu bai fi yatsu biyu ba. Akwai inda robar ta yi ƙyalli ta taurare, da na murza sai baƙi ya kama mini yatsa.

Baba Ɗanladi: To ga ciwon nan. Kuma don Allah kada ka sake hawa da ita titi sai an kwance wannan tiyon, saboda wuta. Abin da ke faruwa shi ne, fetur ba ruwa ba ne da sai ya kai digiri 100 zai tafasa. Akwai wani sashe nasa mara nauyi da ke fara zama tururi tun wajen digiri 35 zuwa 40, kuma ka san yadda Kano take a watan Afrilu, ko a inuwa ana kaiwa haka. Ga zafin kwalta daga ƙasa, ga salansa a gefe. Famfon 504 kuma a jikin injin yake, kamshaf ne ke buga shi, zuƙo mai yake yi daga nesa, kuma duk man da ake zuƙa ya fi saurin tafasa a kan wanda ake turawa. Da tururi ya cika tiyo, famfo sai ya yi ta buga iska, kwanon kafireta ya bushe, mota ta tsaya. Kana ɗaga bonet ta huce, tururin ya koma mai, shi ne kake ganin ta tashi. A cunkoso ya fi tsanani domin injin yana silo, man da yake ja kaɗan ne, sai ya daɗe a cikin tiyo yana dahuwa, kuma ba iskar da ke ratsa ƙarƙashin motar.

Tun 1975 da aka fara haɗa motoci a masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna, 504 nawa ce ta yi jigilar Kano zuwa Legas a tsakiyar bazara da wannan famfon na asali? Da bai isa ba da tuntuni an sani. Hanyar man ce aka ɓata.

Injiniya Sadiya: Na goyi bayan Baba. Amma Baban Khalifa, kafin ka kashe ko sisi ka yi gwaji ɗaya. Ka samu galan mai tsabta da fetur kamar lita biyu, ka cire tiyon da ke shiga famfo, ka sa gajeren tiyo daga galan zuwa famfo, a fili ba a cikin gareji ba, na'urar kashe wuta a kusa da hannunka. Ka bar ta tana aiki a tsaye da tsakar rana. In ta wuce lokacin da ta saba mutuwa ba ta mutu ba, famfo da kafireta sun fita zargi, matsalar tana tsakanin tanki da famfo. Sannan ran da ta sake mutuwa, ka buɗe murfin tanki kana saurare. In ka ji ya ja iska da ƙarfi, hanyar numfashin tankin ta toshe, shi ma yana kawo irin wannan alamar. Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka shaƙa kuma. In yana warin fetur ko ya ƙaru, fatar cikin famfo ta yage, mai yana zuba cikin injin. Motar da ta shekara shida a tsaye, ba abin mamaki ba ne.

Auwalu Rewaya: Hajiya duk na yarda, amma famfon lantarki yana maganin tururin nan ai, tunda turawa yake.

Injiniya Sadiya: Yana yi Malam Auwalu, in an sa wanda ya dace a inda ya dace. Abin da nake tsoro shi ne a ɗauko na motar injekta a sa mata. Irin su wajen bar 3 suke turawa (bar shi ne ma'aunin ƙarfin turi), kafireta kuwa ba ta son fiye da bar 0.2 zuwa 0.3. Allurar da ke rufe mai a kwanon ba za ta iya tare shi ba, sai obafulo, mai ya malalo a kan injin mai zafi. In dole sai an sa, a nemi mai ƙaramin ƙarfi irin na kamfanin Facet, a kafa shi kusa da tanki kuma ƙasa-ƙasa, filta a gabansa, da fis da rile, a kuma haɗa shi yadda zai tsaya da zarar injin ya mutu. In aka haɗa shi kai tsaye da makulli, ran da aka yi hatsari zai ci gaba da feso mai.

Malam Isufu Maraɗi: Allah Ya saka da alheri Hajiya, wannan na gani da idona. A da ina da 504 doguwa da nake lodi da ita. Wani ya sa mini famfon injekta, ya ce ya fi ƙarfi. Muna tsaye ana sauke kaya, sai yarona ya ce yana jin wari. Ina ɗaga bonet na ga mai yana tsiyaya daga wuyan kafireta yana bin jikin injin, wani wurin har yana tafasa yana hayaƙi. Hannuna na rawa na kashe ta. Allah ne Ya tsare, akwai mata da yara a ciki. Ranar na mayar da famfon asali, har na sayar da ita bai ba ni matsala ba.

Baban Khalifa: Subhanallahi. To yanzu wane irin bututu zan nema, kuma ta ina za a bi da shi?

Baba Ɗanladi: In tsohon bututun yana nan a jikin motar, shi ne taswirarka. Ka bi sawunsa, maƙalansa ma za ka gansu a jere. Ka kwance shi ka je da shi kasuwar Ƙofar Ruwa a auna maka kaurinsa, a ba ka na ƙarfe daidai da shi. Kada ka karɓi jan ƙarfe zalla irin na masu gyaran firji, girgiza tana sa shi ya taurare ya tsage. A lanƙwasa a hankali kada ya ƙulle, a maƙale shi duk bayan taku ɗaya da maƙali mai roba a ciki, ya yi nesa da salansa aƙalla faɗin tafin hannu, kada kuma ya sauko ƙasa da ƙashin motar inda dutse zai buge shi. Roba wurare kaɗan take da aiki: bakin tanki, tsakanin jikin mota da famfo saboda injin yana motsi, sai daga famfo zuwa kafireta. A bar mata ɗan sassauci, kada a ja ta tsam.

Injiniya Sadiya: Robar ma ka karanta jikinta. Ka nemi mai rubutun SAE J30 R7, in ka samu R9 ya fi. Tiyon ruwa da farin nan da ake ganin cikinsa, fetur yana cinye su. Kilif mai noti za a sa, ba waya ba.

Oga Habu Panteka: Ba wanda ya yi maganar tanki. Me ya toshe bututun farko? Tsatsa ce daga tanki, kuma tana nan tana jiran sabon. A sauke shi a wanke, a duba rariyar da ke bakin bututun ciki. In ya huje kada ka bari kowa ya kusance shi da walda, ko an ce an wanke, tururin da ya rage ya isa ya fasa shi. Ka nemi wani, ana samu. A cire kan batir kafin a fara.

Baban Khalifa: Jama'a na dawo, na gode ƙwarai. Mun yi gwajin galan ranar Asabar, ta yi minti arba'in a rana ba ta ko yi tari ba. Da aka sauke tanki, abin da ya fito ya kusa cika gwangwanin madara, ja kamar garin bulo, rariyar ciki kuma ta like. An sa sabon bututu ta tsohuwar hanya, filta kafin famfo. Jiya na je Wudil na dawo da azahar, ba ta mutu ba. Sai dai in ta kwana biyu a ajiye tana daɗewa kafin ta tashi.

Baba Ɗanladi: Alhamdu lillahi. Wannan man kwanon kafireta ne ke bushewa, ko kuma bawul ɗin cikin famfo ba ya riƙewa, mai yana komawa baya. Ka kawo ta ranar Laraba da safe, kada ka tashe ta kafin nan sai za ka taho, ka lura mini sau nawa ka yi kiki kafin ta kama.