Murya na zamewa daga hoto a bidiyon da na haɗa da manhajar CapCut

Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba mu aikin aji, bidiyo na minti 3 a kan Hasumiyar Gobarau a nan Katsina. Hoton da waya na ɗauka, 1080p (girman hoton), 30fps (wato firam ko hotuna 30 a kowace daƙiƙa). Muryar mai bayani kuma da wata wayar aka naɗa, an saka ta a aljihun gaban rigarsa, don ƙarar babura da iska sun cinye sautin wayar farko. Kafin ya fara magana ya tafa hannu sau ɗaya, a kan wannan tafin na daidaita hoto da murya.

Farko lafiya lau suke tafiya. Amma a hankali sai su riƙa rabuwa. Kafin a kai minti 2 murya ta riga leɓe da kusan daƙiƙa ɗaya, har ya gama kalma bakinsa bai rufe ba.

Na sake fitarwa a 720p, na share cache (bayanan wucin gadi da manhajar ke ajiyewa), duk jiya i yau. Na yanka muryar gunduwa-gunduwa ina matsarwa, sai numfashinsa ya riƙa katsewa a wurin yankan, abin ba daɗin ji.

Da na duba da MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan fayil ɗin bidiyo, hoton ya nuna frame rate ɗinsa (yawan firam a daƙiƙa) variable ne, wato ba tsayayye ba. Nan nake zargin matsalar take, tunda wayoyi kan rage firam idan haske ya yi ƙasa, mu kuwa dab da magariba muka ɗauka.

Kwamfuta ba ni da ita. Don Allah, ta yaya zan mayar da hoton tsayayyen 30fps a wayar Android ba tare da ya dusashe ba?