Wa Ke Toshe Ɓarakar Linux, Kamfani Ko 'Yan Sa-kai?

Shawara ga masu kula da kwamfutocin makarantu a Katsina ita ce: kafin ka ɗora Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ka san wanda zai riƙa toshe masa kafar kutse.

A Ubuntu LTS, nau'in Linux mai dogon tallafi, kamfanin Canonical da ke yin sa na ɗaukar nauyin gyaran rumbun manhajoji na main shekara 5. Na universe kuwa yana hannun 'yan sa-kai, gyaransa kan makara, kuma nan ne mutane ke sakankancewa. Rubuta umarnin apt policy da sunan manhaja a tagar umarni (terminal), za ka ga rumbun da ta fito.

Kamfani kan sauya ra'ayi: kamfanin Red Hat ya datse tallafin CentOS 8, wani nau'in Linux, a ƙarshen 2021, alhali 2029 aka sa rai. Debian, ita ma nau'in Linux, ba ta da kamfanin da ke ubangidanta, don haka in matsala ta ɓullo, kai za ka kai rahoto ta manhajar reportbug, haɗe da lambar sigar.