Neman shawara: an dawo min da takardar kiɗana cike da jan biro

Mai Fiyano: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon bayani, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Shekarata 11 ina kiɗan fiyano a sitidiyo a Kano. Ban yi makarantar kiɗa ba, a wurin wani ubangidana na koya, tun ina yi masa shara ina sayo masa shayi, har ya fara barina in taɓa fiyanon in ya fita sallar la'asar. Mahaifina bai taɓa son sana'ar nan ba, sai da na sake masa kwanon ɗaki a daminar bara ya daina ɗaure min fuska. Na faɗi wannan ne don ku san nauyin da ke kaina.

Wata biyu da suka wuce wata baiwar Allah mai shirya gajeren fim na tarihi ta ji wani kiɗa da na yi, ta ce shi take so, amma ba na kwamfuta ba, mutane ne za su kaɗa shi a Legas, okestira sosai. Ta ba ni rabin kuɗi, na zuba su a kayan lefe. Na yi kiɗan minti 7 yadda na saba, na juye shi cikin MuseScore, manhajar rubuta kiɗa a takarda, na sa wa kowane layi sunan abin kiɗa, na tura. Shekaranjiya madugun makaɗan ya dawo min da shi. Wai bayolin, wato gogen Turawa, ba ta sauka inda na kai ta. Wai mai busa obo zai suma. Wai ban juya wa kalarinet da hon, su ma kayan busa ne, rubutunsu ba. Wai ƙasan kiɗan ya zama kunu. Alhali a kwamfuta garau yake fita, kowa ya ji sai ya yaba. Saura kwana 12 a fara gwaji. Shin raini ne don ya ga ni ɗan sitidiyo ne, ko da gaske akwai matsala? Me zan yi?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Ba ka faɗi makaɗa nawa ba ne, kuma me da me za su kaɗa. Akwai yarjejeniya a rubuce?

Tsohon Ɗan Badujala: Ɗana, ba raini ba ne. Shekara 28 na yi ina busa a badujala, bari in warware maka. Kalarinet ɗin da aka fi amfani da ita, in ka rubuta mata muryar C, B-flat za ta fitar, wato taki ɗaya ƙasa. In C kake son ji, D za ka rubuta. Hon kuwa ya fi haka, in kana son C sai ka rubuta G na samanta, ƙirga ka gani, taki biyar. Kai ka ɗauki layin fiyano ka laƙaba masa suna, kamar a ɗaura wa jaki sirdi a ce doki ne. Ranar gwaji kowa zai busa abin da ya gani a takarda, a ji kamar kasuwar Kurmi ta tashi. Bayolin kuma tsirkiya huɗu gare ta, mafi kauri ita ce G da ke ƙasa da C ta tsakiyar fiyano. Daga nan babu sauran wuri. Abin da ya wuce nan na biyola ne, ko celo, wato gogunan da suka fi ta girma.

Mai Fiyano: Na gode Baba, Allah Ya ƙara girma. Amma a fiyanona muryar bayolin tana sauka har ƙasa, kuma a wurin nan ne kiɗan ya fi taɓa zuciya. Ba zan so a taɓa shi ba. Hajiya, makaɗa 24 ne: masu tsirkiya 16, sai sarewa, obo, kalarinet, basun (na busa ne mai kaurin murya), hon biyu, tirampet da gangunan timfani.

Tsohon Ɗan Badujala: Fiyanonka ƙarya yake maka, ɗana. Na'ura ce, ba ta da tsirkiya, ba ta da huhu. Ka ba wa celo wurin nan, zai fi ma abin da kake ji daɗi.

Ɗan Fagge: Ni dai duk inda aka ce "rabin kuɗi" gabana faɗuwa yake. Na yi wa wani furodusa kiɗan fim guda, yau shekara uku ina bin ciko, in na kira yaronsa ke ɗauka. Ka tabbata za a biya ka sauran kafin ka kashe kanka da karatun dare.

Malama Mai Sarewa: Ƙanina, batun obo nake son ka duba da idon sana'arka. Ka saba da mai algaita, wanda ke cika kumatu yana shaƙar iska ta hanci busa ba ta yanke ba. Obo 'yar'uwar algaita ce, ita ma da harshen kara biyu ake busa ta, amma ba a rubuta wa mai obo da tsammanin zai yi haka. Dole ka bar masa gurbin numfashi. In waƙar doguwa ce ka raba ta, obo ta fara, kalarinet ta karɓa.

Kunun da ya ce kuwa, daga hannunka na hagu ya fito. A fiyano kana danne muryoyi uku kusa da juna a can ƙasa, ka kwashe su haka ka ba wa celo da basun da babban goge. Ƙa'idar ita ce a ƙasa a buɗa tazara, a sama a matse. Kuma takardar tana da tsarinta: masu busa na itace a sama, sai na tagulla, sai ganguna, masu tsirkiya a ƙasan shafi. Madugu da kallo ɗaya yake gane wanda bai saba ba. Shawarata, kwana 12 ba su isa ka koyi wannan ba. Ka nemi wanda ya iya rabon kiɗa ga makaɗa, ka ba shi wani abu daga cikon kuɗinka. Ba abin kunya ba ne. Mussorgsky, wani mai tsara kiɗa ɗan Rasha, ya rubuta wani kiɗa na fiyano zalla a 1874, Ravel ɗan Faransa ya raba shi ga okestira a 1922, ya ɗora buɗewar a bakin tirampet, kuma har yau sunan Mussorgsky ke kan kiɗan.

Mai Fiyano: Anti, na ji, amma cikon kuɗin na riga na yi masa lissafi. Kuma in wani ya sa hannu, matar nan za ta ce ban iya ba. Ni fa waƙar na iya ta. Shi ya sa ma na sa kowa da kowa ya bi ta tare daga farko har ƙarshe, don ta yi ƙarfi.

Tsohon Ɗan Badujala: Malama, da girmamawa, kada ki karya wa yaro gwiwa. Kwana 12 sun isa in zai ji magana. Mu a bariki dare ɗaya ake ba mu, gobe fareti. Rimsky-Korsakov da ake ji da littafinsa na rabon kiɗa, wanda ya fito a 1913, hafsan sojan ruwan Rasha ne, har sufeton badujalar sojan ruwa ya yi. Namu ne. Shi ya ce in ana busa da ƙarfi, hon biyu ne daidai da tirampet ɗaya. To kai da tirampet ɗaya da sarewa ɗaya ka sa su bi waƙa tare a ƙasa, wa zai ji sarewar? Ka fara da masu busa, ka daidaita su, masu goge sa biyo baya.

Malama Mai Sarewa: Baba, a nan kam ban bi ku ba. Wannan tsarin badujala ne, inda babu tsirkiya ko ɗaya. A okestira masu tsirkiya ne ginshiƙi, babba takan kai makaɗa 80 zuwa 100, kusan 60 daga ciki masu goge ne. Shi ma nasa 16 cikin 24. Su ba sa buƙatar numfashi, kunne kuma ba ya saurin gajiya da su. Ya fara rubuta musu murya huɗu, ya ajiye masu busa kamar yaji. Fela Sowande, mai tsara kiɗa ɗan Abeokuta, da masu tsirkiya ya gina African Suite a kan waƙoƙin Afirka ta Yamma, bai nemi tirampet ba. Kuma ƙanina, in kowa ya bi waƙa tun daga farko, me ka rage wa wurin da fim ya kai ƙololuwa?

Tsohon Ɗan Badujala: Ilimin aji daban, na fili daban. Mu da muka busa a rana tsaka muna tafiya, yau an manta da mu, fansho ma sai an ga dama. Yaran yanzu ko begila ba su iya riƙewa ba, sai latse-latse.

Bawan Allah: Ni shawarata ka mayar mata da kuɗinta ka nemi wata sana'a. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Ɗan Fagge: Malam, ba wannan aka tambaya ba. Mai Fiyano, ka lallaɓa matar ku yi shi a kwamfuta kawai, ka ɗauko mai algaita da mai kalangu ka ɗora a kai. Wa zai gane a fim?

Mai Fiyano: Af, na manta ban faɗa ba, dama akwai algaita da kalangu a ciki, a minti biyun ƙarshe. Madugun ya sa alamar tambaya a wurin.

Malama Mai Sarewa: Inna lillahi. Wannan ai shi ne babbar maganar, ka bar ta sai yanzu? Okestira kafin ta fara, obo ke ba da A kowa ya daidaita da ita. Algaita ba a kan wannan ma'auni aka ƙera ta ba, kowace da muryarta. Sai dai ka fara ɗaukar mai algaitar, ka ji inda muryarsa ta zauna, sannan ka gina sauran a kewaye da shi, ko masu tsirkiya su riƙe murya ɗaya doguwa a ƙasa shi ya yi yawonsa a sama. Wa zai busa ta a Legas ɗin ma? Ya iya bin sandar madugu?

Tsohon Ɗan Badujala: Cire algaitar. Obo ta yi aikinta. Turo min takardar ta akwatin saƙo, in gyara maka masu busa a daren nan.

Uwar Biyu: Har yanzu ba ka amsa min batun yarjejeniya ba.

Mai Fiyano: Baba, algaitar ba za ta ciru ba, saboda ita matar ta so kiɗan tun farko. Anti, na sauke wasu takardun kiɗa da wani abokina ya ce in duba daga IMSLP, shafin intanet na takardun kiɗa, na buɗe wata simfoni, wato dogon kiɗan okestira, ta Haydn, wani tsohon mai tsara kiɗa, tunda an ce shi ma makaɗansa a gidan sarautar Esterházy ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Na kasa gane layin biyola, alamar da ke farkonsa ba irin ta sauran ba ce. Amma ni har yanzu ina ganin da madugun ya saurari na kwamfutar da kunnen basira, da ya gane abin da nake nufi. Na tura masa sau biyu, ya buɗe bai ce komai ba. In sake turawa, ko in kira matar tukuna?