In sayi kwamfutar kaina ko in dogara da ta makaranta?

Ɗalibar Noma:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina shekara ta biyu a digiri na biyu a fannin aikin gona a nan Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, kuma na gama tattara bayanai daga manoman masara a ƙauyuka huɗu na ƙaramar hukumar Giwa. Abin da ya rage a hannuna naira 320,000 ne, wanda mahaifina ya ba ni bayan kaka. Na rasa abin da ya fi: in sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, ko in ajiye kuɗin domin komawa ƙauyukan karo na biyu da kuma buga kundi, in riƙa aiki da kwamfutocin sashenmu da na ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. A cikin makaranta nake kwana. Duk wanda ya taɓa nazarin alƙaluma da kwamfutar makaranta kaɗai, don Allah ya faɗa mini yadda ta kaya.

Baban Yusra:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki sayi sabuwa dal a kwali mai RAM 16 (ma'adanar wucin gadi da ke ƙara wa kwamfuta saurin aiki), ki haɗa da na'urar intanet taki ta kanki, domin ɗalibin da ba shi da waɗannan biyun a wannan zamani yana wahalar da kansa ne kawai.

Tsohon Ɗalibi:
Ni dai ina roƙonki kada ki ɗora aikinki a kan kwamfutar da hannu ɗari ke taɓawa. Lokacin da nake nawa digirin a wata jami'a, duk abin da na rubuta yana cikin filas guda, ina yawo da shi tsakanin ɗakin kwamfuta da shagon buga takardu. Wata rana na soka shi a shagon, ƙwayar cutar kwamfuta ta shiga, babi na huɗu da alƙaluman da na yi wata biyar ina shigarwa suka ɓace, saura kwana tara in gabatar da aikina a gaban malamai. Na ranci kuɗi na sayi ta hannu a wani shago, sati uku ba su cika ba ma'ajiyarta ta mutu, mai shagon kuma ya ce shi garantin kwana bakwai ya bayar. Shekara guda cur na ƙara a makaranta, na sake biyan kuɗin rajista, aikin da aka yi mini alkawari kuma aka bai wa wani.

Maman Sadiq:
Allah ya mayar maka da alheri, Malam. Amma labarinka ya nuna ta hannun ma ba tsira ba ce. Ni na sayi HP mai Core i5 da RAM 8 a unguwar PZ ta Zariya kan naira 215,000, har yau ba ta ba ni matsala ba.

Baban Yusra:
Hajiya, wannan farashin ya kwana biyu. Makon jiya na tambayi irinta a titin Beirut a Kano aka ce mini 290,000, batirinta ma ba ya wuce awa biyu.

Malamin Ƙididdiga:
Ina ganin an bar tambayar yarinyar nan a baya. Alƙaluman manoma na ƙauyuka huɗu ba sa buƙatar babbar kwamfuta. Manhajar R ta nazarin alƙaluma kyauta ce, haka QGIS idan za ta zana taswirar gonakin, haka Zotero wajen jera madogara. Ga mujallun kimiyyar noma kuwa akwai AGORA, wadda hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe a 2003, ana shigarta ne ta hannun makarantun da suka yi rajista, don haka sai ki je ki tambayi ma'aikatan ɗakin karatu. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, da harajin kamfanoni yake saya wa manyan makarantu irin waɗannan kayan aiki, kuma domin ɗalibai aka saye su. Mai jarrabawa na waje ba zai tambaye ki wace kwamfuta kika yi aiki da ita ba, amma zai tambaye ki dalilin da bayananki suka yi ƙaranci.

Mai Gyara a Samaru:
Dakta, ranka ya daɗe, da girmamawa nake cewa malami yana da ofis da makulli a aljihunsa. Ɗalibi kuwa sai an buɗe masa ɗaki, kuma mafi yawansu da dare suke rubutu. Ni ake kawo wa filas ɗin da suka lalace, shekara goma sha ɗaya ke nan, saboda haka na fi kowa sanin inda aikin ɗalibai ke mutuwa.

Malamin Ƙididdiga:
Kai waɗanda aikinsu ya lalace kaɗai ke zuwa wurinka, Malam. Ni kuma ina duba kundin waɗanda suka kammala lafiya.

Autan Kongo:
Yaya, idan kin saya ki haɗa da kwaɗo babba, domin kafin ki buɗe babi na ɗaya 'yan ɗakinku sun mayar da ita gidan kallo.

Tsohon Ɗalibi:
Ba abin dariya ba ne. Ko wacce hanya ta bi, ta riƙa aika wa kanta aikin ta imel kowane dare, ta kuma ajiye kwafi a Google Drive. Da wani ya gaya mini wannan magana guda, da shekarata ba ta salwanta ba. Har yanzu takardun tambayoyin da na tattara alƙalumana da su suna cikin kwali a ɗakina, ba na iya buɗe shi.

Ɗalibar Noma:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Amma har yanzu ban ji daga wanda ya gama nasa nazarin da kwamfutar makaranta kaɗai ba. Dakta, shin ana barin ɗalibi ya saka R a kwamfutocin sashe?

Maman Sadiq:
Kafin Dakta ya amsa, ajiyar nan ta Google da ake faɗa data take ci. Tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, abin da nake saya ya kai ni wata yanzu da kyar yake kai ni sati uku.

Mai Gyara a Samaru:
Data ma da sauƙi, Hajiya, wuta ce babbar matsalar. A layinmu yau kwana huɗu ke nan ba mu ga ƙyallinta ba, ɗaliban da ke haya a waje kullum suna layi a gaban shagona da kwamfutoci a hannu, ni kuma man janareta ya fi ƙarfin abin da nake karɓa na caji.

Baban Yusra:
Ku kwana huɗu ne kawai? Mu a unguwarmu tun kafin azumi taransifoma ta ƙone, an karɓi naira 5,000 a kowane gida, kuma har yau ba wanda ya zo ya duba ta.