Neman kalmar Hausa: me za mu kira goge "amm" da "ehh" daga rubutun na'ura?

'Yan'uwa masu aikin mayar da magana rubutu a Kumasi, musamman masu rubuta tafsiri da hirarrakin rediyo a Aboabo da Asawase, ina neman mu tsayar da suna guda. Manhajojin da ke sauraren murya su rubuta, irin su Whisper da kamfanin OpenAI ya fitar a 2022, wadda Hausa na cikin harsunan da aka sa mata, sukan zubar da sautukan da mutum ke yi yayin da yake laluben kalma, kuma Descript, manhajar gyaran sauti da bidiyo, ita ma tana da maɓalli na musamman domin wannan aiki. Har yanzu ba mu da sunan abin da ake cirewa, balle na cirewar.

Wani malami ya kawo "in'ina". Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma in'ina lalura ce ta harshe, kuma bai dace a riƙa cewa na'ura tana share lalurar bayin Allah ba. "Kame-kame" kuwa tana ɗauke da zargi, kamar mai maganar yana ɓoye gaskiya, alhali tunani kawai yake yi.

Ni na fi karkata ga "inda-inda", aikin kuma a kira shi "tsince inda-inda". Na zaɓi tsincewa a kan tacewa domin mai tsintar shinkafa tsakuwa kaɗai take cirewa ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa ƙwaya, kuma a nan ne hatsarin yake a harshenmu. "Eh" ɗin da mutum ya ja yana tunani daban yake da "eh" na amincewa, kuma idan na'ura ta haɗa su ta goge, shaidar da ya amsa tambaya zai koma wanda ya yi shiru. Haka nan "dai", "fa", "kam" da "ma" ba ciko ba ne: "ni dai ban gani ba" ta bar ƙofar cewa wani ya gani, wadda "ban gani ba" ba ta bari.

Wata Hajiya ta tambaya game da "wato" da "ka gane". Ra'ayina a ware su da sunan "cikon magana", a bar wa ɗan Adam hukuncinsu, domin "wato" a bakin mai tafsiri sau da yawa ita ce ƙofar fassarar aya. Idan akwai mai kalmar da ta fi "inda-inda" dacewa, musamman daga dattawanmu na zango, ya kawo ta tare da jimlar da ya ji an yi amfani da ita.