Mutum-mutumin itace na mahaifina yana zubar da gari

Ɗan Mokoyo:
Assalamu alaikum. Makon jiya muna kwashe kayan ɗakin mahaifina, Allah ya jiƙansa, na tarar da mutum-mutumin itace a ƙasan adaka, naɗe da tsohon zane. Tsawonsa kamu ɗaya da rabi. Kan ƙarami ne, gefensa ya zubo kamar hular haɓar kada, wuya dogo, hannuwa sun kewaye jiki ba su taɓa shi ba, ƙafafu gajeru. Baba ya yi fataucin kayan sassaƙa tsakanin Maraɗi da Abijan tun ban yi wayo ba, kuma wannan kaɗai ya ƙi sayarwa. Yanzu gari yana zuba daga ƴan hudoji a ƙafar hagu, bayansa ma ya tsage. Ƙanena ya ce in shafa masa baƙin mai. In shafa?

Jikan Masassaƙi:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Kul, Malam! Kada ka shafa baƙin mai ko fenti, kada ruwa ya taɓa shi. Garin nan ƙwaro ne yake ci daga ciki, ba gara ba, ita gara da ƙasa take zuwa. Da ƙirya ce, irin wadda kakana yake turmi da ita, da wuya ƙwaro ya huda, naka itace ne mai taushi. Ɗaure shi tam a leda, ka sa a firiza mako biyu, in ka fito da shi ka bar shi kwana ɗaya cikin ledar kafin ka kwance. Gidajen tarihi ma da sanyi suke kashe ƙwaro. Tsagewar aikin hunturu ce, bar ta haka. Shafa tafin hannunka a bayansa, in aikin hannu ne za ka ji sawun gizago.

Tsohon Dillali:
Ɗana, siffar da ka ba da ta yi kama da sassaƙar Mumuye, mutanen wajen Zing da Jalingo a jihar Taraba. Irinsu sun fita Turai da yawa ta Kamaru lokacin yaƙin Biyafara, 1967 zuwa 1970. Amma na sha ganin sabo an turara shi da hayaƙi, an binne, ya fito kamar na kaka da kakanni. Kada ka saki ga wanda ya fara taya maka. In hanya ta kai ka Yamai, nuna wa ma'aikatan gidan tarihi na Bubu Hama.

Hajiya ta Zariya:
Ni dai ƙanena, ka tambayi malamai kan ajiye siffa a ɗakin da ake salla.

Ɗan Mokoyo:
Na gode, Hajiya, zan tambaya, ba a ɗakin salla yake ba. Baba Dillali, ba sayarwa zan yi ba. Yau da safe na shafa bayansa kamar yadda Jikan Masassaƙi ya ce, sawun gizagon na nan jere. Ledar kawai nake nema mai kauri.