Neman shawara: yadda zan shigar da laftof cikin layin intanet na waya da ke gidana

Mai tambaya, daga Ƙofar Marusa, Katsina:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar masana a kan wata matsala da ta hana ni sakat kwana uku ke nan. Shekarun baya aka ja mini intanet zuwa gida ta eriyar da ke saman rufi, waya ta sauko zuwa wata rauta, wato na'urar raba intanet, da ke ɗakin zaure inda nake aikin buga takardu, kuma rautar ba ta da waifai ko kaɗan. Daga jikinta aka ja kebul zuwa kwamfutar tebur, da firinta, da na'urar da ke adana hotunan kyamarorin ƙofar gida. Tsarin bai taɓa ba ni wahala ba, shi ya sa ba na son a taɓa shi.

Yanzu na saya wa 'yata laftof saboda karatunta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, sai muka tarar ba ta da ramin kebul sam. Wani mai shago ya ce in saya mata ƙaramar na'urar da ake sa wa sim, amma hakan na nufin biyan kuɗin data sau biyu, kuma ba za ta iya buga takarda da firintar gida ba. Ƙanena ya ba ni tsohuwar rauta mai eriya biyu, na ɗauko kebul daga rautar zaure na cusa a raminta mai rubutun WAN. Intanet ya zo a laftof ɗin, amma ta ƙi ganin firinta, sannan sigina ba ya kaiwa ɗakin yarinyar da ke ƙuryar gida. Ina kuskurena yake?

Injiniya, daga Layout, Katsina:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kayan da ke hannunka sun isa, ba sai ka sayi sabuwar na'ura ba. Matsalar ita ce yanzu kana da masu gida biyu a gida ɗaya. Kowace na'ura da ke kan layi tana da lamba, kuma rauta ce ke raba lambobin ta hanyar tsarin da ake kira DHCP. Rautar zaure tana raba nata, wataƙila masu farawa da 192.168.1, ita kuma tsohuwar, tun da ka shiga da kebul ta ramin WAN, ta ɗauki layinka tamkar duniyar waje, ta kafa nata gidan tana raba wasu lambobi dabam, kamar 192.168.0. Laftof tana wani gida, firinta tana wani, shi ya sa neman da take yi bai kai ga firintar ba, ko da yake intanet yana wucewa.

Abin da ake so shi ne tsohuwar rautar ta daina mulki, ta koma mai watsa sigina kawai. Ka fara cire ta daga layin gaba ɗaya, ka haɗa ta da kwamfutar tebur ita kaɗai ta ɗaya daga cikin ramukan LAN. Ka juya ƙasanta, za ka ga lambar shiga da sunan mai kula da kalmar sirri a rubuce. Idan ƙanenka ya canza su, ka danne maɓallin Reset da tsinke kamar daƙiƙa goma ta koma yadda ta zo. Da ka shiga, ka duba ko akwai zaɓin Access Point, wato yanayin watsa sigina kawai. Idan akwai, ka zaɓe shi, ita da kanta za ta gyara sauran. Idan babu, ka canza lambarta zuwa wadda ta dace da gidan rautar zaure, misali 192.168.1.2 in har ta zaure 192.168.1.1 ce, ka tabbata ba a ba wata na'ura wannan lambar ba kuma ba ta cikin jerin da ake rabawa. Daga nan ka sake shiga da sabuwar lambar, ka kashe DHCP, ka sa wa waifai suna da kalmar sirri. Sai ka mayar da kebul ɗin da ya taso daga zaure, amma a ramin LAN, ka bar WAN fayau. Ka bi wannan jeri yadda na kawo shi, domin mutane da yawa suna fara kashe DHCP, sai su kasa komawa cikin na'urar.

Mai ja wa gidaje waya, daga Ƙofar Ƙaura:

Bayanin Injiniya daidai ne, ni kuma zan taɓa batun ɗakin yarinya. Baba, kada ka ajiye rautar a zaure. Sigina yana raunana duk lokacin da ya ratsa bango, kuma gidajenmu na cikin gari ko dai katangar ƙasa ce mai kauri, ko bulo da siminti, ga ƙofofin ƙarfe da kwanon rufi waɗanda ke mayar da shi baya. Tsawon kebul ba abin damuwa ba ne, domin irin Cat5e ko Cat6 yana aiki lafiya har mita 100, kuma da wuya gidanka ya kai haka. Ka ja guda ɗaya daga zaure zuwa barandar tsakar gida, a cikin bututun roba saboda rana da ɓera, ka kafe rautar a sama inda ruwan damina ba zai taɓa ta ba kuma iska ke ratsa ta, musamman saboda zafin bazara. Wajen sayen kebul ka nemi na tagulla zalla. Akwai na alminiyam da aka yi wa rufin tagulla, ya fi araha amma saurin karyewa gare shi.

Idan rautar tana da zango biyu, 2.4 GHz ya fi ratsa bango da nisa, 5 GHz ya fi sauri amma a kusa. Ga ɗakin ƙurya na farkon za ta riƙe. In ka ga waifai na maƙwabta da yawa a jerin, ka shiga saitin rautar ka gwada sa zangon 2.4 GHz a tasha ta 1, ko 6, ko 11, domin su ne ba sa hawa kan juna.

Malama, daga Daura:

Alhaji, Allah ya taimaka. Ni abin da ya same ni zan faɗa, domin ban so ya sami wani. Muddin layinka na waya ne, sai wanda ya shigo zaurenka zai iya taɓa shi; ranar da ka kunna waifai kuwa, ya tsallake katanga ya fita titi. Na taɓa ba wani yaro kalmar sirrinmu don ya duba sakamakon jarrabawa, ban san wayoyin yanzu suna nuna ta a matsayin lambar QR da kowa zai ɗauka ba, kafin mako biyu data ta ƙare. Kai kuma abin ya fi nawa nauyi, tun da kyamarorin gidanka da takardun mutane suna kan layin. A wajen nau'in tsaron waifai ka zaɓi WPA2, ko WPA3 idan rautar tana da shi. Idan WEP kaɗai ka gani, na'urar ta tsufa da yawa, kada ka yi amfani da ita, domin an daɗe da sanin yadda ake fasa shi. Kalmar sirri ana karɓar ta daga harafi 8 zuwa 63, don haka ka yi mai tsawo, ba lambar wayarka ko sunan 'yarka ba. Ka kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura da waifai ba tare da rubuta kalmar sirri ba, sannan ka canza kalmar shiga cikin rautar kanta, da ta na'urar kyamarori.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta, daga Rafindadi:

Baba, ina da ƙarin abu biyu. Akwai ɗan mahaɗi mai araha wanda ake cusawa a ramin USB ya ba laftof ramin kebul. Yana da kyau a ajiye shi don ranar da za ta sauke manyan abubuwa ko ta yi jarrabawa ta intanet, domin waya ta fi waifai tabbas. Na biyu, idan zaure yana kan inbata amma baranda ba ta kai, da an ɗauke wuta waifai zai mutu. Akwai ƙaramin batir na rauta, sai dai a karanta jikinta tukuna a ga ko bolt 9 take ci ko 12.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Babu zaɓin Access Point a tawa, don haka na bi hanya ta biyu, kuma an ja kebul zuwa baranda jiya da yamma. Sigina ya cika a ɗakinta, lambar laftof ɗin ma yanzu 192.168.1 take farawa kamar ta kwamfutar tebur. Amma Injiniya, har yanzu firintar ba ta bayyana ba.

Injiniya:

Madalla, Alhaji, babban aikin ya wuce. Saura abu biyu da nake zargi. Windows yakan ɗauki sabon waifai a matsayin na jama'a, ya rufe neman na'urori don tsaro; yarinyar ta shiga saitin waifai ɗin a laftof ta mayar da shi daga Public zuwa Private. Sannan ka duba cikin rautar ko an kunna AP Isolation, wanda a wasu na'urori yake hana masu waifai ganin sauran, ka kashe shi. Idan duk da haka ta ƙi, ka sa firintar ta buga shafin saitinta, lambarta tana ciki, sai a ƙara ta a laftof ta hanyar rubuta lambar kai tsaye. Ka kuma sa rautar zaure ta keɓe mata wannan lamba dindindin, don kada ta sauya bayan an ɗauke wuta a sake shiga wannan nema.

Mai tambaya:

Alhamdu lillahi, a Public yake. Muna mayar da shi Private firintar ta fito, yarinyar ta buga shafi goma sha biyu daga ɗakinta na tsince su a zaure. Malama, na kashe WPS, na kuma canza kalmar sirrin kyamarori, wadda ashe tun ranar da aka kafa su ba a taɓa ta ba. Batir ɗin baranda ne ya rage. Na duba, bolt 9 aka rubuta a jikin rautar, gobe in sha Allah zan nemo shi.